Ranar da na yi wa Inna alƙawarin girki da wutar ruwa

1/ Tun jiya ake ta turo min bidiyon nan na wani bawan Allah da ya haɗa roba da wayoyi, wai ya daina sayen gas, da ruwa yake girki. Kowa tambayarsa ɗaya: "Kai da kake Kemistiri, gaskiya ne?" To ku gyara zama. Na taɓa gwadawa, kuma shaidar tana nan a goshin autarmu. Zaren da ɗan tsawo 🧵

2/ Ni ɗan Kurfi ne, ina aji uku a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Abin nan ya faru ne a 2024, na gama aji ɗaya na koma gida hutu. Kun san ɗan aji ɗaya. Ya shiga ɗakin gwaji sau huɗu, ya sa farar riga an ɗauke shi hoto, gani yake duk garin ba wanda ya kai shi sani.

3/ A gidanmu akwai ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6. Baba ya saye ta ne saboda Inna na fama da tari, a asibiti aka ce ta rage shaƙar hayaƙi. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira ta bi ta faɗi, komai ya tashi, gas ma ya bi sahu. Da na dawo hutu sai na tarar da tukunyar a bayan ƙofa, an mayar da ita wurin ɗora kwanuka.

4/ Inna ta koma murhu. Iccen ma ba araha, don masu shiga daji su saro yanzu sai sun yi shahada, kun dai san halin da yankinmu ke ciki. Sai kara, sai ɗan gawayi, wani lokacin har da leda ake tayar da wutar. Da dare ina ɗakin zaure ina jin tarinta ta cikin bango. Wallahi abin yana ci min rai.

5/ A wannan halin na ci karo da irin bidiyon nan. Kuma abin da ya sa na yarda, rabin maganar gaskiya ce. Tun sakandare mun san ruwa haɗin iska biyu ne, haidirojin kashi biyu, oksijin kashi ɗaya. In ka sa masa lantarki yana rabuwa. Haidirojin kuwa yana ci da wuta. Na ce shi ke nan, ga rijiya a tsakar gida, me muke jira?

6/ Na same ta tana tankaɗe na ce, "Inna, kafin in koma makaranta kin daina hura wuta." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Allah ya sa, Yayansu." Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Ta kwance bakin zani ta ba ni dubu uku cikin kuɗin ƙulinta, wai in sayi kayan aiki. Kuɗin nan har yau in na tuna su sai na ji nauyi.

7/ Kayan da na tara: tsohuwar cajar waya mai bolt 5, wayoyi biyu, robar fenti, gorunan ruwa, siririn tiyo, da gam. Sai na fasa manyan batiran tocila guda biyu na zaro baƙin sandan nan da ke tsakiyarsu. Shi ne zai shiga ruwa ya kai wutar. Na kafa "masana'anta" a ɗan ɗakin ajiya da ke bayan ɗakin Inna, na ja ƙofa.

8/ Gwajin farko da ruwan rijiya zalla: shiru kamar an aiki bawa garinsu. Sai da na ƙura ido na ga wasu 'yan kumfa. Dalili, ruwa shi kaɗai ba ya ɗaukar lantarki sosai, sai an narka wani abu a ciki. Mai bidiyo ya ce a zuba gishiri. Na saci cokali uku a madafa na zuba.

9/ Kai jama'a! Kumfa ta fara tashi a jikin sandunan kamar an buɗe lemon kwalba. Na yi tsalle ni kaɗai. A raina na gano abin da duniya ba ta sani ba. Daga baya na karanta cewa William Nicholson da Anthony Carlisle sun yi wannan a Landan tun 1800. Wato shekara huɗu kafin jihadin Shehu Usmanu. Ni kuma ina ta murna a 2024 😂

10/ Bayan kamar minti ashirin sai ɗakin ya ɗauki wari irin na Hypo. Idona ya fara yaji. Ƙanena da ya leƙo ya fita yana tari. Abin da mai bidiyo bai faɗa ba: gishiri yana da kilorin a cikinsa, in ka sa wa ruwan gishiri lantarki, iskar kilorin ce ke fita a sanda ɗaya. Iskar da aka kashe sojoji da ita a Beljiyam a 1915.

11/ Ku duba fa. Na tashi raba Inna da hayaƙin kara, na ɓige da dafa mata guba a bayan ɗakinta. Da hankali ya isa, nan ya kamata in tsaya. Amma ina! Na ce matsalar gishiri ce kawai. Na so in sa kanwa, sai na tuna ita ma takan zo da gishiri a gauraye. Na je shago na sayo bekin soda, na fito da kayan tsakar gida.

12/ Wannan karon lafiya lau. Na kifa gora cike da ruwa a kan sandan da ke ɓangaren maras, iska tana shiga ruwan yana sauka. Da ta taru kaɗan na kai ashana bakin gorar, ta ce "fuf!" Haidirojin ne, ba tantama. Yara suka yi ta tafi. Inna na daga bakin murhu tana murmushi, tana goge hawayen hayaƙi.

13/ Matsala ɗaya: abin ba ya sauri. Gorar ruwa mai rabin lita sai da ta ci fiye da awa biyu kafin ta cika. Na ce wutar ce ta yi kaɗan. Baba na da batir mai bolt 12 da farantin sola ɗaya, da su muke cajin waya da kunna fanka. Na jira ya tafi gona na kwance batirin.

14/ Da na jona, ruwan ya kama tafarfasa, wayoyi suka yi zafi, ruwan ya koma baƙi don sandunan suna zaizayewa. Sai na yi babban kuskuren. Na zura sandunan duka biyu cikin gora ɗaya, na liƙe murfin da gam, na fitar da tiyo ɗaya. Haka na gani a bidiyo, haka na yi.

15/ Ga abin da hakan ke nufi. Haidirojin da oksijin sun taru wuri ɗaya, biyu da ɗaya, daidai ma'aunin da suke buƙata su kama. Gas ɗin girki sai ya fito ya haɗu da iskar waje yake ci, shi ya sa wutar ke tsayawa a bakin murhu. Wannan kuwa da abin ƙonawa da abin hurawa duk suna cikin gorar. Wuta na taɓa bakin tiyo, ciki za ta bi.

16/ Bayan la'asar ne. Na kira ƙannena su zo su ga "murhun Inna". Autarmu, lokacin shekararta shida, ta tsugunna dab da gorar don ta fi kowa son kallon kumfa. Na ce ta matsa, ta ɗan ja baya kaɗan. Na ƙyasta ashana na kai bakin tiyo.

17/ Ban ga wuta ba. Ƙara kawai na ji, kunnena ya ɗauki "wiii". Gorar ta tarwatse. Da na dawo hayyacina Auta na zaune dirshan, hannu a goshi, jini na bin yatsunta. Ba ta ma fara kuka ba tukuna. Wannan shirun nata na daƙiƙa biyu, ban taɓa jin tsoro irinsa ba.

18/ A waje kuma unguwa ta hargitse. A yankinmu in aka ji ƙara irin wannan ba wanda ke tunanin gwajin kimiyya. Maƙwabta suka rufe ƙofofi, wata mata ta sunkuci yaranta ta yi cikin ɗaki, mai shagon bakin layi ya bar shago a buɗe. Sai da aka yi ta shela cewa ɗan jami'ar gidan su wane ne ya fasa gora.

19/ Ɓallin murfin ne ya same ta a saman gira. Aka yi mata ɗinki uku. Matar da ta yi ɗinkin ta ɗora yatsanta ɗaya tsakanin ciwon da idon, ta juyo ta nuna min, ba ta ce komai ba. Faɗin yatsa ɗaya. Na fita waje na zauna a kan dakali, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

20/ Na zaci Baba zai yi faɗa. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Bayan isha'i ya kira ni zaure ya ce, "Wannan abin, bokon ne ya koya maka ko waya?" Na ce, "Waya ce, Baba." Ya ce, "To ka koma ka tambayi bokon. Shi muke biya wa kuɗi." Ya tashi ya shiga ciki.

21/ Inna kuwa abin da ta ce kawai, "Alhamdulillahi da ya tsaya nan." Ba ta taɓa tayar da zancen dubu ukun ba. Washegari da asuba na ji ta tana karya kara tana hura wuta, tana tari. Sauran kwanakin hutun ban iya haɗa ido da ita sosai ba.

22/ Da na koma Dutsin-Ma na samu wani malaminmu a ofis na kwashe labari na faɗa masa. Na zaci zai ce in sa abin tare wuta a tiyo, ko in canza sanduna. Sai ya miƙo min farar takarda ya ce, "Kafin ka sayi waya ko ɗaya, ka lissafa? Zauna. Ruwan shayi lita ɗaya za mu tafasa."

23/ Ga lissafin, ku bi ni a hankali, ba wuya. Michael Faraday ya nuna tun wajen 1834 cewa yawan iskar da za ka samu ya dogara ne da yawan lantarkin da ya ratsa ruwan. Amfiya ɗaya na awa ɗaya yana ba da haidirojin ƙasa da rabin lita, kamar 0.45. Cajata rabin amfiya take turawa. Shi ya sa gorar ta ci awa biyu da wani abu.

24/ Tafasa ruwa lita ɗaya yana buƙatar zafi kamar kilojul 314. Murhu yana zubar da kusan rabin zafinsa a iska, don haka ka ce 630. Lita ɗaya ta haidirojin tana ba da kilojul 10 kacal. Ke nan lita 63 nake buƙata. Da cajata, awa 270 da ɗoriya. Kwana goma sha ɗaya ba ɗauke wuta, don shayi ɗaya. A Kurfi 😭

25/ Na ce, "Malam, ai da batir mai bolt 12 ya fi sauri." Ya ce, "Ruwan ya yi zafi?" Na ce ƙwarai. Ya ce to nan wutar ta tafi. Raba ruwa bolt 1.23 yake buƙata a ƙa'ida, a aikace kamar 2. Sauran goman duk zafi suke zama. Wato na haɗa hita mafi muni a jihar Katsina, ina kiranta injin gas.

26/ Sai ya ce in auna da hita ta gaske. Mai wat 1000 tana tafasa lita ɗaya cikin minti shida ko ƙasa da haka. Wutar da cajata za ta sha a kwana goma sha ɗayan nan ta ninka wadda hitar za ta sha wajen sau bakwai. In kana da lantarkin, ka dafa da shi kai tsaye mana. Me ya kai ka zagaye?

27/ Muka koma kan tukunyar Inna. Gas kilo 6 yana ɗauke da ƙarfi kamar yunit 77 na mitar wuta. Ko da ingantaccen inji, sai ka kashe kusan yunit 120 kafin ka samu haidirojin da ya kai haka. Farantin Baba mai wat 100 yana ba da kamar rabin yunit a rana. Wata takwas ke nan, ba cajin waya, ba fanka, don cika tukunya sau ɗaya.

28/ Na yi shiru ina kallon takardar. Sai malam ya faɗi maganar da ta zauna min har yau. Ya ce in haidirojin ya ƙone, me yake zama? Na ce ruwa. Ya ce to ruwa toka ce. Wutar ta riga ta ci ta gama. Kana iya mayar da toka icce, amma sai ka biya duk zafin da ya fita, har da riba a kai.

29/ Wannan shi ne abin da masu bidiyo ke ɓoyewa. Kumfar gaskiya ce, wutar gaskiya ce. Amma ƙarfin daga batir ya fito, ruwan hanya ce kawai, kuma hanya mai yoyo. Kamar ka ɗebo ruwa a madatsar Zoɓe da kwando, ka iso gida kana murnar kwandon ya jiƙe.

30/ Kuma yaudarar ta daɗe. A Amurka an yi wani Stanley Meyer da ya ce ya ƙera mota mai tafiya da ruwa, mutane suka zuba kuɗi. A 1996 kotu a jihar Ohayo ta ce zamba ce, ta umarce shi ya mayar wa masu ƙara kuɗinsu. Har yau hotunan motarsa na yawo a WhatsApp ana cewa an danne fasaharsa.

31/ Bara wani kawuna mai acaɓa ya kira ni. Wai wani ya ce zai ɗaura masa 'yar gora a mashin, ya riƙa shan rabin mai. Har ya fara tara kuɗi. Na ce, "Kawu, wutar da za ta raba ruwan daga ina?" Ya ce batir. "Wa ke cajin batir?" Inji. "Me inji ke sha?" Ya yi shiru, can ya ce, "Fetur."

32/ Sai ya ce, "Kai da ka fasa wa yarinya goshi ne za ka ba ni shawara?" Na ce, "Shi ya sa, Kawu. Ni na riga na biya kuɗin makarantar." Ya yi dariya har da tari. Kuɗin dai taya ya saya da su.

33/ Kada wani ya ce na ce fasahar banza ce. A Aswan ta ƙasar Masar, tun 1960 kamfanin KIMA ya fara raba ruwa da wutar madatsar kogin Nilu yana haɗa takin zamani da haidirojin ɗin. Bambancin, su wuta ce ta yi musu yawa suke neman inda za su kai ta. Mu kuwa layi muke bi wurin mai caji.

34/ Yanzu ma ƙasashe irin su Namibiya da Maroko da Muritaniya suna shirin yin haka da rana da iska. Amma ko manyan injinan zamani sai sun sha yunit 50 zuwa 55 kafin su ba da kilo ɗaya, wanda in ka ƙona shi yunit 33 zai dawo maka. Ana yi ne don ajiya da masana'antu, inda waya ba za ta kai ba.

35/ Abin da ya ba ni dariya, ashe haidirojin ya daɗe yana zuwa gidanmu. Buhun yuriyar da Baba ke zuba wa masara, da haidirojin ake haɗa shi. Irin masana'antar takin Dangote da aka buɗe a Legas a 2022, daga iskar gas suke ciro nasu. A kan amalanke yake shigowa gonarmu, ni ina nemansa a robar fenti.

36/ In kai ɗalibi ne kana son gani da idonka, ban hana ka ba, abin sha'awa ne. Amma: kada ka sa gishiri. Kada ka haɗa iskokin biyu a gora ɗaya. Kada ka liƙe murfi. Ka yi a fili, da ƙaramin batir. Haidirojin yana kamawa ko kashi 4 cikin 100 ne a iska, kuma da rana harshen wutarsa kusan ba a ganinsa. Yara su yi nisa. Nisa sosai.

37/ Inna fa? Ban cika alƙawari ba, gaskiya ɗaya ce. Abin da na iya: ni da ƙanena mun fitar da murhun daga lungu zuwa inda iska ke wucewa, mun gina masa laka ta rungume tukunya, baki ɗaya na sa icce. Yana cin icce ƙasa da na dā, hayaƙin ma ya ragu. Ba wanda zai yi bidiyon wannan, ba ya ƙara.

38/ Ina kuma koyar da 'yan sakandare lissafi da yamma a Dutsin-Ma. In wata ya ƙare nakan tura a zuba mata kilo biyu, ta riƙa ɗumame da ruwan zafin asuba da shi. Tarin bai tafi ba, amma ta kan yi barci. Dubu ukun na mayar mata, ta ƙi karɓa, ta ce in saya wa Auta takalmi.

39/ Auta kuwa "Yaya mai bam" take ce min har gobe. Da sallar da ta wuce ta matsa sai na sake yi mata kumfa. Na ɗauko kofi, fensir biyu da ƙaramin batir, muka zauna tsakar gida, ba ashana ko a kusa. Ta ƙura ido ta ce, "Yaya, wannan gefen ya fi yawa." Na ce sau nawa? Ta ce kamar biyu. Gashin girar bai fito ba a wurin ɗinkin.

40/ Don haka masu turo min bidiyo, ku tambayi mai shi abu biyu: wutar daga ina take zuwa, kuma ya dafa mana wake tukunya ɗaya ba tare da yanke bidiyon ba. In ya yi, ni zan fara saye. Ku tura wa ƙannenku masu son gwaje-gwaje kafin su kwance batirin gida. Nan zan tsaya, ina da lakca ƙarfe takwas.